Idan ɗalibai suka tashi: abin da na gaya wa ƙanena

Na yi shekaru a ofishin rijistara na wata jami'a kafin in yi ritaya in dawo gida Tudun Wada a Zariya. Kwanan baya wani ƙanena da aka ba shugabancin sashen harkokin ɗalibai a inda yake koyarwa ya zo gaisuwa, ya ce, "Yaya, idan yaran nan suka tashi da zanga-zanga, da me zan fara?" Na ce ya gyara zama.

Fara da bakin famfo. Yawancin rikicin da na gani daga can ya taso. Wata asuba na bi ta hostal ɗin mata, na tarar da bokitai sun yi layi har bakin titi, kowanne da dutse a ciki don kada iska ta ɗauke, ba mai magana da wani. Kwana uku ke nan ba ruwa, janareta ba mai, jarrabawa saura mako guda. Takardar koken tana kan tebur na huɗu tana jiran sa hannu. Kafin azahar an rufe babbar ƙofa da duwatsu. Don haka ka ba masu gadin hostal lambarka, ka ce su kira ko da tsakar dare ne. Tankar ruwa biyu kafin ƙarfe bakwai ta fi kwamitin mutum goma.

In abin ya riga ya ɓarke, riga jita-jita magana. Yanzu da WhatsApp, kafin ka ɗaura agogo an ce mutum biyar sun mutu. Ka fita da kanka, kuma ka lallashi shugaban jami'a ya fito tare da kai, kada ya aiko da sanarwa. Ku kira shugabannin ƙungiyar ɗalibai, da limamin Juma'a da faston majami'ar makaranta. Faɗi abin da ka tabbatar kawai, sannan ka sa lokacin da za ka dawo da ƙarin bayani. In ka ce ƙarfe huɗu, to ƙarfe huɗu. Alkawarin da ba ka da kuɗin cika shi, haɗiye shi.

Maganar 'yan sanda kuwa, mu mutanen Zariya ba sai an ba mu labari ba. A 1978, lokacin zanga-zangar ƙarin kuɗin abinci da masauki, an rasa rayukan ɗalibai a nan. Ranar 23 ga Mayu 1986 'yan kwantar da tarzoma suka shiga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, aka yi harbi, aka kashe ɗalibai, wutar ta bazu zuwa wasu jami'o'in ƙasar. Mai bindiga in ya wuce ƙofa, ba umarninka yake bi ba. A sanar da su, su tsaya daga waje, masu gadin makaranta su riƙe ciki, sai fa in rai ne ke cikin haɗari.

Rufe makaranta shawarar Sanet ce, wato majalisar manyan malaman jami'a, ko shugaba ya yanke a madadinta in lokaci ya ƙure. Amma don Allah kada a liƙa sanarwa da la'asar a ce kowa ya fice kafin magariba. Yarinyar da gidansu ke Fatakwal ko Maiduguri, ina za ta? A tashar Kwangila za ta kwana da akwati? A sanar da safe, a fito da motocin makaranta su kai su tasha, a bar ɗaki ga marasa lafiya da 'yan ƙasashen waje.

Yajin aiki daban ne. Na ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, a 2022 ya kai wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, kuma ba shugaban jami'ar da ke da makullinsa, tsakanin ƙungiya da gwamnatin tarayya ne. Naka shi ne kada firijin ɗakin gwaji ya mutu, dabbobin gona su sha ruwa, asibitin makaranta ya zauna a buɗe. Kada kuma ka yi wa malamai baƙar magana a rediyo, da su za ka zauna tsara sabon jadawali.

Da zai tafi na raka shi bakin mota, na ce kafin ya kwanta ya nemo lambar direban tankar makarantarsu.