Yadda ake magance fargabar cuta ba tare da yawon gwaje-gwaje ba

Fargabar cuta ita ce mutum ya kwashe wata 6 ko fiye yana zargin akwai muguwar cuta a jikinsa, kamar ciwon daji (kansa) ko ciwon zuciya ko na ƙoda, alhali likita ya duba bai ga komai ba. Ba raki ba ne. Bugun zuciyar da yake ji gaskiya ne, fassarar da yake yi masa ce ta kauce hanya. Maganin da aka fi tabbatar da ingancinsa shi ne na gyaran tunani da ɗabi'a, wanda likitoci ke kira CBT, bisa tsarin da Paul Salkovskis da Hilary Warwick suka shimfiɗa a Ingila a shekarun 1980. Ana zama da ƙwararre sau ɗaya a mako, kamar awa guda. Binciken da Peter Tyrer ya jagoranta, aka buga a mujallar Lancet a 2014, ya nuna zama 5 zuwa 10 na rage fargabar, kuma amfanin yana nan bayan shekara 2. A Sakkwato, a fara tambaya a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware.

Kafin komai, likita ɗaya ya duba ka tsaf, sau ɗaya, kuma shi za ka riƙe. Ku yi yarjejeniyar alamomin da za su dawo da kai ba jira: tari da jini, rama ba dalili, ƙari mai girma, ciwon ƙirji da zufa, shanyewar ɓari ɗaya, zazzaɓin da ya ƙi sauka. Abin da ba ya cikin yarjejeniya sai ranar da aka ba ka. Yawo daga wannan ɗakin gwaji zuwa wancan shi ke ɓata lamari, domin in ka yawaita gwaji dole wata rana lamba ta ɗan karkace. Gwajin Widal, na gano taifod a jini, misali ne: a inda taifod ya yawaita yakan nuna alama ga mai lafiya, sai a ɗora maka magungunan da za su ɓata maka ciki, ɓacin cikin kuma ya zama sabuwar hujja.

Mako 2 na farko na rubutu ne kawai. Sami littafi ka raba shafi gida biyar: abin da ka ji a jiki, abin da ya zo maka a rai, ƙarfin tsoro daga 0 zuwa 100, abin da ka yi, da kuma tsawon lokacin da natsuwar ta yi. Gidan ƙarshe ne mai aiki. Yawancin mutane nan suke ganewa da kansu cewa natsuwar da kalmar "lafiyarka lau" ke kawowa ba ta daɗewa, wani lokaci ko yini ba ta kai.

Daga nan sai a rubuta bayani biyu a takarda guda. Na farko: ina da ciwon zuciya. Na biyu: ina da tsoron ciwon zuciya, tsoron ke sa ni sauraren ƙirjina. Ƙarƙashin kowanne ka jera hujjojinsa, da abin da ya kamata ka yi in shi ne gaskiya. Ba a cewa ka yarda da na biyu. Ka daɗe kana rayuwa bisa na farko, yanzu ka ari na biyu na mako 6 ka ga abin da zai faru. A nan ne ake lissafa dalilan yau da kullum da mai fargaba ke tsallakewa: zafin Afrilu da ke wuce digiri 40 yana ƙafar da ruwan jiki har zuciya ta yi sauri, goro da shayi mai kauri da lemun ƙara kuzari duk suna sa bugu, ƙurar hunturu na sa tari da kaikayin maƙogwaro.

Gardama ba ta warkar da kowa, gwadawa ke yi. Zauna minti 2 ka tattara hankalinka kan maƙogwaro, ka haɗiye miyau sau biyar a jere. Za ka ji ya ɗaure, kamar wani abu ya tsaya, kuma kai ka jawo shi yanzu. A gaban ƙwararren da ake zama da shi, in likita ya amince, akan yi numfashi da sauri na minti ɗaya: jiri da tsirar yatsu za su zo, saboda iskar da jiki ke fitarwa ta yi ƙasa a jini, su kuma tafi da kansu. Haka mai latsa kaluluwar wuya sau ashirin a rana, latsawar ce ke sa wurin tsami. Gwada kwana 3 kana dubawa yadda ka saba, kwana 3 ba ka taɓa ba, ka kwatanta lambobin tsoro.

Mataki mafi wuya shi ne barin dube-dube da tambaya. Ƙidaya su daga littafinka, ka rage rabi duk mako. In sha'awar dubawa ta taso, jinkirta minti 15, gobe 30, jibi awa guda. Na'urar awon jini ta bar ɗaki, sai in likita ne ya tsara lokutan awo, domin mai auna kansa cikin firgici zai ga lamba ta hau, ya ƙara firgita, ya sake aunawa. Neman alamomin cuta a intanet da sauraren saƙonnin murya na WhatsApp kan cututtuka a daina su gaba ɗaya. Wanda ya yi karatun fiƙihu ya san hukuncin mai yawan kokwanto a alwala: ya ƙyale shakkar ya wuce, don maimaitawa ƙara mata ƙarfi take yi. Hanyar ɗaya ce.

Mutanen gida sai sun shigo, in ba haka ba aikin banza ne. Su ne ake tambaya sau goma, "kin ga idona ya yi rawaya?" Su kuma don tausayi su amsa. A shirya amsa ɗaya tun da wuri, da yardar mai fargabar: "Yaya, mun yi alkawari ba ni amsa wagga tambaya, tashi mu sha iska." A faɗe ta da taushi, ba da gatse ba. Kwanakin farko zai ji haushi kuma tsoron zai hau kafin ya sauka. Iyalai da yawa nan suke karaya, su ɗauka abin ya ƙara lalacewa.

Wasu kuma gudu suke yi: ba su zuwa dubiya asibiti, ba su zama wurin ta'aziyya, ba su hawa bene don kada zuciya ta buga. A jera waɗannan daga mai sauƙi zuwa mai tsanani, a fara da wanda tsoronsa bai wuce 40 ba. A zauna cikin yanayin minti 30 zuwa 45, ko har tsoron ya ragu da rabi, a maimaita sau 3 ko 4 a mako kafin a hau na gaba. Wanda ya fice tsoro na kan ganiya ya koya wa kansa cewa gudun ne ya cece shi. Haka wanda ya je amma yatsansa na kan jijiyar wuyan hannu a ɓoye cikin riga.

Abu uku ke yawan karya aikin. Na farko, tambaya takan sauya kama, mutum ya bar likita ya koma mai kemis, ko ya riƙa yawo daga malami zuwa malami. Addu'a da tawakkali ba su saɓa wa maganin ba, amma neman wanda zai rantse maka ba ka da komai shi ne tsohon ciwon. Na biyu, baƙin ciki mai tsanani da ba a kula da shi ba. Wanda ya daina cin abinci da barci, ko yake tunanin kashe kansa, a kai shi asibiti a ranar. Na uku, ƙwayar kwantar da hankali irin diazepam daga kemis, mai saurin kama jiki, wadda ke hana mutum ganin cewa tsoro na sauka da kansa. In ana buƙatar magani, likita kan rubuta irin su fluoxetine, wanda ke ɗaukar mako 4 zuwa 6 kafin a ga aikinsa, kuma a makon farko yakan sa tashin zuciya da rashin sukuni. A sanar da mai fargaba wannan tun kafin ya sha, kada ya ɗauke shi sabuwar cuta.

Fargabar takan leƙo bayan rasuwar ɗan'uwa ko wata 'yar rashin lafiya ta gaske. A zaman ƙarshe a rubuta shafi ɗaya: alamomin yarjejeniya, amsar mutanen gida, da ƙa'idar jinkirta dubawa. In dube-duben suka dawo suka wuce mako 2, a nemi zama ɗaya ko biyu na tuni.