Yadda Ake Amfani da Gwajin Di-daima Ga Dattijo Mai Kumburin Ƙafa Ɗaya

Idan aka kawo dattijo ƙaramin asibiti a ƙauyukan Ringim ko Gaya yana ɗingishi, ƙafa ɗaya ta kumbura ta ɗauki zafi, malamin asibiti ya kamata ya fara kawo daskarewar jini a manyan jijiyoyin cikin ƙafa a ransa, domin gudan jinin yana iya ɓallewa ya tafi huhu ya toshe numfashi. Gwajin jini na di-daima yana taimakawa wajen kawar da wannan zargi, amma kafin a ɗebi jini, akwai aikin da baki da hannu za su yi.

A tambaye shi a hankali: "Baba, ka yi kwanciyar jinya ta kwana 3 ko fiye a kwanakin nan? An yi maka babban aiki cikin makonni 12 da suka wuce? An ɗaure ƙafar saboda karaya?" A bincika shanyewar ɓarin jiki, da ciwon daji, da ko ya taɓa yin irin wannan cuta. Sannan a ɗauko tef irin na tela, a sauko santimita 10 daga ɗan tudun ƙashin da ke ƙasan gwiwa, a auna kewayen sha-raɓar ƙafafu biyu. Bambancin santimita 3 abin lura ne. Da irin waɗannan alamu ake haɗa makin Wells, wanda wani likita ɗan Kanada ya tsara: kowace alama maki 1, kuma ana cire maki 2 idan wata cutar, kamar ruruwar fata, ta fi kama da dalilin kumburin.

Wanda ya sami maki 2 ko fiye hoton sikanin na jijiyoyin ƙafa yake bukata, don haka a tura shi inda ake yi ba tare da jinkiri ba, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Gwajin di-daima ya fi amfani ga mai maki 1 ko ƙasa.

Di-daima ɓurɓushi ne da ke fitowa a jini yayin da jiki ke narkar da gudan jini. Ana zuba jinin a kwalba mai shuɗin murfi, a cika ta daidai layin da aka zana, domin kashi 9 na jini ke tafiya da kashi 1 na maganin da ke cikin kwalbar, a juya ta a hankali ba tare da girgizawa ba. A ɗebi jinin kafin a fara maganin tsinka jini, saboda maganin yana rage adadin di-daima ya ɓatar da mai karanta sakamako.

Wurin karanta sakamako ne aka fi yin kuskure. Iyakar da aka saba da ita ita ce maikurogiram 500 a kowace lita a ma'aunin ɗakin gwaji da ake kira FEU, amma di-daima yana hawa da shekaru, har dattijo mai lafiyar jijiya ya zarce ta. Saboda haka ga wanda ya haura 50 ana ninka shekarunsa sau 10, wato ɗan shekara 75 iyakarsa 750 ce, kuma idan ya fito da 620 alhali makinsa ƙasa ne, ana iya kawar da zargin. Matsalar a karkararmu ita ce tsofaffi da yawa ba su riƙe shekarunsu ba. A ganina gara a ɗauki mafi ƙarancin ƙiyasi, ko da zai jawo tafiya birni. A kuma duba takardar ɗakin gwaji, domin wasu injina da wani ma'auni suke aiki, wanda lambarsa kusan rabin wannan ce.

Sakamako mai yawa bai tabbatar da cutar ba, tunda zazzaɓin cizon sauro, sikila, ciwon daji da rauni duk suna ɗaga shi; abin da yake nufi kawai a je a yi sikanin. A haɗa da ƙidayar ƙwayoyin jini da gwajin ƙoda da hanta, domin da su likita zai zaɓi magani da adadinsa.

Kafin a kama hanya, a ja kunnen 'ya'yansa kada a matsa ƙafar, kada kuma a kira wanzami ya yi ƙaho. Idan numfashi ya fara sarƙewa, ko ƙirji ya yi ciwo, ko tari ya fito da jini, a nemi mota nan take ba tare da jiran kowane sakamako ba.