Yadda za ki yi gwajin lafiyar biza ba tare da kin tuɓe a banza ba

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 gidanmu na Hindawiyya a Jidda bai rabu da baƙi ba. Daga Khartum, daga Madani, daga Mai Wurno da Gadarif, wasu igama, wato takardar izinin zama, suke nema su zauna nan Saudiyya, wasu kuma miji ko ɗa ne ya yi musu takardun Kanada, Ingila ko Amurka. Da yake ina jin Larabci da ɗan Turancin asibiti, ni ake turawa rakiya ranar fahas, wato gwajin lafiya. Kuskuren da nake gani iri biyu ne kullum. Wata za ta shiga ta yi duk abin da aka ce, har da wanda ba a ce ba, ta fito tana hawaye. Wata kuwa da jin an ce ta cire abaya sai ta suri jakarta ta yi waje, kuɗi ya tafi, takarda ta tsaya. Dukkansu rashin tambaya ne ya kai su.

Ba zan tsaya kan fasfo da hotuna da katin rigakafi ba, takardar da aka turo miki ta lissafa su.

Fara da sanin wane gwaji ne naki, domin labarin da maƙwabciya ta ba ki wataƙila na wata ƙasa ne, ko na shekara goma baya. Ingila gwajin tarin fuka kawai take nema, ga mai shirin zama fiye da wata 6 da ta fito daga ƙasashen da ke jerinsu, kuma Sudan da Najeriya na ciki. Hoton ƙirji ne da 'yan tambayoyi, shi ke nan. Kanada ta rubuta ƙarara a shafin hukumar shige da ficenta cewa likita ba zai duba al'aura ko dubura ba, domin ba sa cikin abin da ake buƙata. Nono ne kaɗai suka ce wani lokaci za a iya dubawa, shi ma sai an yi miki bayanin dalili da yadda za a yi. Sun kuma ce kina da ikon neman wata ta tsaya tare da ku a ɗakin a kowane lokaci. Ni nakan buga wannan shafin a takarda in sa wa mace a jaka, ko ba ta iya karantawa.

Na Amurka ne ya fi jawo surutu, kuma da dalili. A da, kallon al'aura daga waje yana cikin abin da likitansu ke yi, shi ya sa waɗanda suka riga mu tafiya suke tsorata na baya da shi. A 2016 suka cire wasu cututtukan al'aura guda uku daga jerin waɗanda ke hana biza, suka sa gwajin ciwon sanyi ya koma na ɗakin tahalil, wato ɗakin gwajin jini da fitsari, galibi ta fitsari. Tunjere kuwa ta jini ake gano shi. Ƙanjamau ma tun Janairun 2010 suka fitar da shi daga jerin. Abin da likita ke bi yanzu shi ne ido, kunne, hanci, maƙogwaro, zuciya, huhu, ciki, kaluluwa, hannuwa da ƙafafu, sai fata, saboda kuturta.

Mai zuwa Saudiyya aiki daga waje, tsarin Wafid na ƙasashen Khalij, wato ƙasashen Larabawan yankin Gulf, za ta bi, wanda a da ake kira Gamka. Kwamfuta ce ke zaɓar miki asibiti, ba ke ba. Ana ɗaukar jini don ƙanjamau da ciwon hanta da tunjere, a yi hoton ƙirji, a karɓi fitsari da bayan gida, mata kuma a yi musu gwajin ciki. Bayan kin iso a sake fahas na igama, sakamakon ya tafi ta intanet.

Duk cikin waɗannan babu gwajin budurci. Na nanata wannan domin 'yan mata da zawarawa sun sha raɗa mini tambayar a mota. An taɓa yi, ba ƙarya ba ne: a 1979 jaridar Guardian ta fallasa yadda aka yi wa wata 'yar Indiya a filin jirgin Heathrow na Landan, abin ya zama abin kunya aka daina. A Oktoban 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya da wasu hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fito suka ce wannan gwaji ba shi da tushe a likitanci, a bar shi. Haka kaciya. Matanmu na Sudan da aka yi wa tun suna yara suna tsoron idan an gani za a hana su tafiya. Sudan ta haramta yin ta a 2020, amma wadda aka riga aka yi wa ba mai laifi ba ce, kuma kaciya ba cuta ce mai yaɗuwa ba.

Mataki na biyu shi ne ranar kama layi, ba ranar gwaji ba. A nan ake neman likita mace. Idan kin kira ko kin je karɓar mau'idi, wato ranar da za a gan ki, ki ce "abgha daktora", ko da bakin Sudan "dayra diktora", wato ina son likita mace, ki tambayi ranar da take zama, ki kuma tambaya ko mai ɗaukar hoton ƙirji mace ce, domin sau da yawa ɗaki daban ne, ma'aikaci daban. Mutane suna mantawa da wannan na biyun. Ingila, Kanada da Amurka ba sa karɓar sakamako sai daga likitocin da suka amince da su, kuma ba su da yawa, don haka idan kin bari sai a bakin ƙofa za ki nemi mace, ana iya ce miki yau babu, ki dawo. Wadda ta taso daga Makka ko Ɗa'if ta biya kuɗin mota sau biyu ke nan.

Ki lissafa kwanakin al'adarki kafin ki karɓi rana. Amurka ta ce jini bai hana a yi gwajin ba, gaskiya ne, amma ni ba na kai mace a cikinsa. Jini na shiga fitsari, a ce a sake, ga kuma rashin sakewa. Kwana biyu ko uku bayan wanka ya fi.

Sai sutura. Riga daban, siket ko wando daban, a ƙarƙashin abaya. Kada ki sa doguwar riga ɗaya tilo, domin idan aka ce a buɗe ƙirji sai ki rasa komai a jikinki lokaci guda. 'Yan Sudan masu tobe, dogon mayafin da ake naɗe jiki da shi, ku bar shi a gida ranar. Rigar mama mai ƙarfe, sarƙa, fil na mayafi, abaya mai duwatsu, laya a wuya, duk suna fitowa a hoto. Dogon kitso ma a naɗe shi sama, in ya kwanta a baya yana yin inuwa a kan huhu, a sa ki maimaita. Jigida ki cire tun a gida, ba don ta hana komai ba, don kada ki tsaya kokawa da ita gaban mutane. Ban yarda da sabon lalle ko dilka a makon ba, fata ake son gani yadda take.

Yanzu ɗakin likita, inda ni kaina na sha kunya.

Gwajina na farko kafin in zo ƙasar nan, a wani asibiti da ba sai na faɗi sunansa ba, nas ta miƙo mini riga mai igiya a baya ta ce in cire kaya, ta fita. Ban tambaye ta wanne ba. Na cire komai, har ɗan kamfai, na zauna a bakin gado ina rawar sanyi ina karanta duk addu'ar da na sani. Likita ya shigo, namiji, ya ɗora abin sauraro a bayana da ƙirjina, ya danna cikina, ya leƙa bakina, ya rubuta, ya fita. Minti biyar bai cika ba. Da nas ta dawo ta ga kayana a ƙasa sai ta riƙe baki ta ce ai na sama kawai take nufi. Shekaru na yi ina jin zafin abin, kuma babu wanda ya tilasta ni, jumla ɗaya ce ban yi ba.

To ga jumlar. Kafin hannunki ya taɓa maɓalli, ki ce: me da me zan cire, me zan bari? Ki sa ta nuna miki da hannu idan harshe ya gagara. A mafi yawan gwaje-gwajen nan ɗan kamfai yana zama a jikinki. Ɗankwali ma yana zama, sai dai a ɗaga gefe don kunne da wuya. Niƙabi kam dole ki ɗaga a haɗa fuskarki da fasfo, ki nemi mace ta yi wannan.

Bayan kin sa rigar, ki duba ƙofa da labule da kanki. Ki ƙirga waɗanda ke ɗakin. Idan akwai wanda ba ki san aikinsa ba, ki tambaya, ki ce ya fita. Idan likita namiji ne, kada a fara sai nas mace ko 'yar rakiyarki na tsaye. Wannan ba tsaurin kai ba ne, likitan kirki ma ya fi son haka don kare kansa. Ga masu damuwa da hukunci, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, wadda hedikwatarta ke nan Jidda, ta yanke tun 1993 cewa a fara neman likita mace Musulma, in babu sai mace amintacciya wadda ba Musulma ba, in babu sai namiji, a buɗe iya inda larura ta kai, kuma a samu muharrami ko miji ko wata mace amintacciya a wurin.

Ana buɗe wuri ɗaya, a rufe, sannan a buɗe na gaba. Zai saurari baya, ki juya masa baya. Zai danna ciki, a ɗaga rigar zuwa ƙasan ƙirji, zane na kan cinya. Kaluluwa ana taɓa ta a wuya da hammata, wani lokaci da matsematsi, kuma wannan na ƙarshen bai buƙatar a cire kamfai. Tabon tiyatar haihuwa, shaidar ƙaho a baya, tsagar gida, ki faɗa da bakinki tun ana tambayoyi. Abin da kika ɓoye aka gani shi ke sa likita ya ce bari ya ƙara dubawa.

Idan duk da haka aka ce ki cire na ƙasa ko za a taɓa nono, kada ki yi tsalle, kada kuma ki miƙa wuya. Tambaya uku: don me, yana cikin fom ɗin ƙasar da zan je, kuma mace za ta iya yi? Akwai lokacin da dalilin na gaskiya ne, misali kin ce kina da ƙari a nono, ko jini ya nuna tunjere, ko kin ambaci gyambo. Likita mai dalili ba ya jin haushin tambaya, yana amsawa cikin daƙiƙa. Wanda ya hau faɗa ko ya ce "in ba ki so biza ba ki tafi", ki ce a dakata, ki mayar da kayanki, ki nemi shugaban sashen ki ce kina son a ƙarasa da wata likita. Kada ki bar ginin ba ki yi wannan ba. Wata Hajiya da na raka, sa'ar mahaifiyata, ta fito a fusace tana cewa "'yar nan, tashi mu tafi, ni ba za a yi mini wannan da tsufana ba." Na ce "Hajiya, ki yi haƙuri ki zauna, ki ba ni minti goma." Ashe ƙafafunta da suka kumbura ake son gani har gwiwa. Da mun tafi, da fayil ɗin ya zauna a buɗe, ɗanta kuma ya sake biya.

Ki riƙe sunan likita da rana da lokaci a wayarki. Ofisoshin jakadancin da suka naɗa likitocin suna karɓar ƙorafi, ƙorafi kan asibitocin nan Saudiyya kuma Ma'aikatar Lafiya na da lambar waya 937.

Mai ciki, ko mai zaton ciki, ta faɗa kafin ta shiga ɗakin hoto, "ana hamil". Amurka tana yarda a yi hoton da izininki a lulluɓe mara da rigar dalma ninki biyu, ko ki jira sai kin haihu. Ingila ta ƙara zaɓin gwajin majina. Mai zuwa aikatau a Khalij kuwa, ciki yana tsayar da takardar, gara ki sani tun kafin ki biya dillali.

Sauran ba wuya. Jini, fitsarin tsakiya ba na farko ba, allurar rigakafin da ta rage. Idan hoto ya nuna tabo a huhu za a karɓi majina safiya uku, a jira har mako 8, kada ki sayi tikiti kafin nan. Takardar Ingila wata 6 take yi, sakamakon Kanada wata 12. Idan an ba ki ambulan a liƙe, kada ki buɗe, ko maigida ya ce yana son gani.