Yadda Ma'aurata Masu Cin Tsirrai Zalla Za Su Shirya Hutun Ƙarshen Mako a Tsibiri

Hutun kwana biyu ba ya ba da damar gyara kuskure. Wanda ya sauka a ƙaramin tsibiri da yammacin Juma'a, ya tarar ba a tanadi abin da zai ci ba, sau da yawa ba shi da kasuwar da zai leƙa ko wani gidan abinci da zai koma, domin teku ce ta kewaye shi ta ko'ina. Saboda haka tun ran gini tun ran zane: mafi yawan aikin ana gama shi ne kafin a biya kuɗin ɗaki.

Abu na farko da ya kamata ku riƙe shi ne, masaukin da ke tutiyar kare muhalli ba lallai ne ya iya ciyar da wanda ba ya cin kome na dabba ba. Hasali ma, irin waɗannan wurare sukan yi alfahari da kifin da masuntan yankin suka kamo da asuba, kuma a wurinsu wannan shi ne abincin da ya fi dacewa da muhalli. Don haka ku rubuta wa masaukin, ku nemi saƙon ya isa ga shugaban masu girki, ba ga mai karɓar baƙi kaɗai ba. Kalmar da otal-otal suka sani ita ce "vegan", wadda Donald Watson da abokansa suka ƙirƙiro a Ingila a 1944, amma kada ku tsaya a kanta, domin har yanzu akwai masu ɗaukar cewa barin nama kawai take nufi. Ku lissafa abubuwan ɗaya bayan ɗaya: nama, kifi, jatan lande, ƙwai, madara, man shanu, cuku da zuma. Amsar da aka ba ku za ta nuna muku irin wurin. Wanda ya ambaci sunayen abincin da zai dafa muku ya san aikinsa, wanda kuwa ya ce "babu damuwa" ya yi shiru, to akwai damuwa.

Kifin da ke kwance a faranti ba shi ne abin tsoro ba, tunda ido yana ganinsa. Wanda ya narke a cikin miya shi ne ke wuce mutum. A tsibiran Tailan ana zuba ruwan kifin da aka tsima a kusan kowace miya, a Indonesiya ana daka yaji da ƙullin jatan lande da suke kira terasi, a Maldibs da Siri Lanka kuma ana barbaɗa garin busasshen kifi har a cikin ganye da kayan lambu. Abincin safe da aka fi sani a Maldibs, wato mas huni, a ido kwakwa ce da aka kankare da albasa da barkono, amma rabinsa kifi ne da aka marmasa. Ku riƙa tambaya da sunan abin, cikin ladabi, kuma ku riƙe ƙaramar takarda da aka rubuta buƙatarku da harshen ƙasar.

Ina ganin kuskure ne babba mutum ya je tsibiri ya dage sai an kawo masa cukun tsirrai ko madarar almon da aka ɗauko a jirgin sama daga wata nahiya, alhali ya zaɓi wurin ne don rage wa ƙasa nauyi. Madarar kwakwa, ayaba, gwanda, rogo, kabewa, wake da shinkafa sun isa su ciyar da mutum biyu cikin daɗi, kuma a Indonesiya akwai tempe, wanda ake yi da waken suya da aka tsima. Ɗan ƙunshin gyaɗa ko busassun 'ya'yan itace a jaka zai yi amfani a hanya, sai dai ku duba dokar shigar da abinci ta ƙasar tukuna.

Sai batun gaskiyar iƙirarin kare muhalli, domin ba girin-girin ba, ta yi mai. Rufin ciyawa da tsinken shan lemo na takarda ba hujja ba ne. Ku duba ko wurin yana da shaidar wata hukuma mai zaman kanta, irin su EarthCheck, Green Globe ko Green Key, sannan ku tabbatar da sunansa a shafin hukumar kanta. Ku tambayi inda wutarsu ke fitowa, da inda ruwan sha ke fitowa, da inda shara da ruwan ban-ɗaki ke ƙarewa. Tsibirai da yawa suna tace ruwan teku ne da injin da janaretan dizal ke turawa, ta yadda dogon wanka yana nufin ƙona mai. Tsibirin Chumbe da ke kusa da Zanzibar misali ne na wurin da ya amsa waɗannan tambayoyi a aikace: yana tara ruwan sama, yana amfani da hasken rana, ban-ɗakunansa kuma suna mayar da ƙazanta taki ba tare da ruwa ba.

Ku zaɓi tsibirin da bai yi nisa ba, don kada hanya ta cinye hutun, kuma ku san lokacinsa. Damina mai guguwa a yankin Karebiyan tana farawa 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, jiragen sama masu sauka a ruwa a Maldibs kuwa da rana kaɗai suke tashi, saboda haka wanda ya isa filin jirgi da dare yana iya rasa kwana guda.

A wajen haɗa kaya, man kariya daga rana ya cancanci a duba shi da kyau. Jihar Hawai ta Amurka ta hana sayar da mai ɗauke da sinadaran oxybenzone da octinoxate daga 2021, ƙasar Palau kuma ta riga ta da irin wannan doka a 2020, duka domin kare murjanin da ke rayuwa a ƙarƙashin teku. Rigar ninkaya mai dogon hannu da hula mai faɗi suna rage yawan man da za a shafa. Ku ɗauki gorar ruwa da sabulunku, tunda na otal yana iya ƙunsar madara ko zuma, kuma ku nemi matashin da ba a cika da gashin tsuntsu ba.

Idan kun shiga ruwa, ku tuna murjani ba dutse ba ne, tarin ƙananan halittu ne masu rai, kuma taku ɗaya na iya karya abin da ya ɗauki shekaru yana girma. Kada ku ciyar da kifi, kada ku sayi kayan ado na ɓawon kunkuru ko murjani, kuma ku ƙi duk wani yawon da ake taɓa dabba don ɗaukar hoto. Idan lokacin ƙyanƙyasar kunkurun teku ne, ku kashe fitilar baranda da tocilan waya a bakin ruwa da dare, domin 'ya'yan suna bin haske ne su nemi teku, fitilar ɗaki kuwa tana karkatar da su zuwa tudu.