Kurakuran shan maganin asibiti da na gaji da gani a Gombe

Mafi yawan masu shigowa kantinmu da takardar likita sun samu maganin da ya dace da ciwonsu. Sai an je gida ake ɓata shi. Shekara da shekaru ina bayan kanta ina ba da magani a cikin garin Gombe, kuma kurakuran ba sa canzawa, fuskokin masu yin su ne kawai ke canzawa.

A "sau uku a rana" ake fara tuntuɓe. Nufin likita shi ne kowace awa 8, musamman idan maganin kashe ƙwayoyin cuta ne irin su amoxicillin. Wanda ya sha da ƙarfe 10 na safe, ya ƙara bayan azahar, ya ƙara bayan magariba, ya bar jikinsa dare guda babu magani. Ni kan ce a sha da asuba, da ƙarfe 2 na rana, da kuma ƙarfe 10 na dare. Idan an manta ɗaya, kada a haɗa biyu a haɗiye don ramuwa.

Coartem na zazzaɓin cizon sauro sau 6 ake shan sa cikin kwana 3, na biyu awa 8 bayan na farko. Yana son maiƙo, don haka a bi shi da madara ko abinci mai mai. Ciprofloxacin da ake yawan rubutawa don taifot shi kuma ba ya shiri da nono, sai a bar aƙalla awa 2 tsakaninsa da fura da nono. Mutane kan juya waɗannan biyun. Sannan yaro da nauyinsa ake auna masa Coartem. Ragowar na yayansa ba nasa ba ne.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne ajiye maganin hawan jini don an ji sauƙi. Hawan jini ba ya sallama, ba ya kuma ban kwana. Mutum na iya yawo da shi shekaru ko ciwon kai bai taɓa yi ba. Idan an auna an ga ya sauka, maganin ne ya saukar da shi, ranar da aka daina kuwa zai fara komawa inda yake.

Goggona, wadda ta goya ni, an ɗora ta kan amlodipine miligiram 10 sau ɗaya a rana. Ƙafafunta suka kumbura wajen idon sawu, abin da maganin kan jawo wa wasu, kuma likita na iya rage shi ko ya canza wani. Wata maƙwabciya ta ce mata ai maganin bature ne ke tara mata ruwa a jiki, ta koma tafarnuwa da zoɓo. Ta koma, ba ta gaya wa kowa ba. Da ana tambayar ta sai ta ce lafiya lau, kuma gaskiya take faɗa, ba ta jin komai. Wata safiya aka same ta kan sallaya baki ya karkace, ɓarin jiki ya shanye. Ta rayu, amma matar da ke daka da hannunta yau sai an ba ta a baki. Abin da aka kashe wajen gashin ƙashi kaɗai ya isa sayen amlodipine na shekaru masu yawa.

Saboda haka ku masu ba da shawarar magani a gidan biki da gidan suna, ku ji tsoron Allah. Ba ku auna jinin kowa ba, ba ku san ƙodarsa ba, kuma ranar da ya faɗi ba ku za ku yi jinya ba. Idan amlodipine ya kumbura ƙafa, ko lisinopril, shi ma maganin hawan jini, ya kawo busasshen tari mai naci, komawa asibiti ake yi a faɗa. Macen da ke shan lisinopril ta samu ciki kuwa ta je a canza mata nan take, domin yana cutar da ɗan tayi. Dabarata ga tsofaffi ita ce in sa su ajiye katin maganin wajen carbi. Wanda ba ya manta asuba ba zai manta shi ba. Kuma a sayi sabo tun saura na mako guda.

Sai haɗin ciwon jiki. Manomi ya dawo daga gona, ko ɗan acaɓa ya wuni kan babur, ya ce a haɗa masa. A ƙulla masa diclofenac da ibuprofen da piroxicam a leda guda. Dukkansu dangi ɗaya ne, haɗa su ba ya ƙara sauƙi, ɓarnar ce ke ninkuwa: gyambon ciki, aman jini, baƙin bayan gida, hawan jini ya ƙi sauka, ƙoda ta gaji. Ga zafin Maris da Afrilu, mutum ya sha su ciki babu abinci, jiki babu ruwa. Na sha ce wa dattijo, "Baba, ɗaya zan ba ka, shi ma bayan ka ci tuwo, na kwana kaɗan," ya fita yana cewa yaron nan bai iya aiki ba. To, ya tafi. Wanda ya taɓa raka ɗan'uwa layin wankin ƙoda a Asibitin Koyarwa na Tarayya ba ya gardama da ni kan wannan.

Farasitamol ma yana da iyaka: babba kada ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a wuni, kuma magungunan mura da yawa akwai shi a ciki. Hanta ce ke biya.

Masu ciwon suga, metformin tare da abinci ake sha, ya fi sauƙi ga ciki. Glibenclamide kuwa idan aka sha ba a ci ba, suga na iya faɗuwa, sai rawar jiki da gumi da jiri. Mai shan sa ya ga likita tun watan Sha'aban a tsara masa yadda zai yi da azumi.

Maganin tarin fuka wata 6 ne, kyauta ake ba da shi, kuma jan fitsarin da yake sawa aikin rifampicin ne da ke cikinsa, ba jini ba. A ƙarasa shi ko da tari ya tsaya tun watan farko. Amoxicillin na yara da ake dama garinsa da tafasasshen ruwan da ya huce, bayan mako guda a zubar da saura.

Su kuma iyayen da ke saya wa amarya dexamethasone, wanda ake kira sha-ka-fashe, don ta cika kafin biki, abin da suke gani kumburi ne, fuska ta yi zagaye, suga da jini su hau, ƙashi ya yi rauni. Ni ba na sayar da shi sai da takardar likita, ko wace Hajiya ce ta aiko. Wadda ta riga ta daɗe tana sha kada ta yanke rana guda, hakan na iya kwantar da ita. A kai ta asibiti a riƙa rage mata a hankali.