Darasi na Bakwai: Gilashin Manne da Ruwan Gida

A Gusau da Kauran Namoda, amare da 'yan mata da yawa sun fara sanya gilashin manne, wato ɗan siririn faifan roba da ake ɗorawa kan baƙin ido, wasu domin gyaran gani, wasu kuwa domin kwalliyar ranar biki. Abin da mai sayarwa a kasuwa bai cika faɗa ba shi ne, ruwan gida bai dace da wannan gilashi ba, ko na famfo ne, ko na rijiya, ko na jarkar mai ga-ruwa.

Dalili shi ne wata ƙwayar halitta mai suna amiba, nau'in da likitoci ke kira Akantamiba, wadda ba a ganinta sai da madubin likita. Tana rayuwa cikin ƙasa da ƙura da tankin ruwa, kuma abincinta ƙwayoyin bakteriya ne. Sai dai ba duk wanda ta haɗiye take narkarwa ba. Wasu sukan zauna cikinta lafiya lau, har su hayayyafa, kamar gara a cikin itace. A shekarar 1980 wani masani a Ingila, Rowbotham, ya nuna cewa Lejiyonela, ƙwayar da ke haddasa wani mugun ciwon huhu, haka take yi. Idan yanayi ya tsananta, amiba takan lulluɓe kanta da ƙwanso mai tauri wanda sinadarin kulorin na ruwan famfo ba ya iya fasawa, ta tsira tare da ƙwayoyin da ke cikinta. Saboda haka ruwa yana iya zama garau, mai daɗin sha, amma ya cutar da ido.

Gilashin yakan riƙe amibar a kan tantanin ido na sa'o'i, kuma ƙaramin ƙarzanen da bai kai a ji shi ba ya ishe ta ƙofar shiga ta haddasa cuta a idon.

Mai sanya gilashin ya wanke hannu da sabulu, ya bushe shi sarai kafin ya taɓa. Ya murza gilashin da ruwan maganinsa na kwalba kawai, ba da ruwan leda ko yawu ba. Ya zubar da tsohon maganin kowace rana maimakon ya yi masa ƙari, ya kife ɗan akwatin ajiye gilashin ya bushe, ya sauya shi duk wata 3. Kada ya kwana da gilashin, kada kuma ya yi aronsa, ko da daga 'yar'uwa ne. A ganina alwala ce ta fi buƙatar lura a wurinmu, domin sau biyar fuska ke haɗuwa da ruwa: a rufe ido sosai, a goge fuska kafin a buɗe, wanka kuwa a cire gilashin gaba ɗaya.

Wanda ya ji zafi mai tsanani, ko idonsa ya yi ja yana ƙin haske, ya cire gilashin nan take, kada ya ɗiga maganin kemis, ya tafi sashen ido na Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ya tafi da gilashin da akwatinsa domin a gwada su. Maganin cutar ɗigo ne da ake farawa kusan kowace sa'a, kuma yakan ɗauki watanni.