Darasi na 7: Sayen Motar Hannu da Gane Injin da Ke Shan Baƙin Mai

A darasin da ya wuce mun koyi karanta rasit da rubuta kwanan wata. Yau za mu fita da wannan karatu zuwa wajen masu sayar da motoci. Da yawa a ajin nan suna da burin mallakar mota. Wani yana son ya yi haya tsakanin Bauchi da Gombe, wani ya riƙa kai kaya ƙauye ranar kasuwa, wata kuma ta gaji da tsayuwa a bakin titi da yara uku tana jiran Keke Napep. Sabuwa dal ta fi ƙarfin aljihunmu. Wadda za mu iya saya ita ce wadda wani ya hau ya sauka.

Motar hannu iri biyu ce. Akwai tokumbo, wadda aka hau a Amurka ko Turai sannan aka shigo da ita ta ruwa. Manya har gobe suna ce mata 'yar Kwatano, domin a da can ake sauke yawancinsu a biyo da su ta kan iyaka. Daga 1 ga Janairu 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, saboda haka takardar kwastam ita ce abu na farko da za ka ce a nuna maka. Sai kuma wadda aka hau a nan gida, ta sha rana da ƙura da ramuka. Ta fi araha, amma ta fi bukatar a zuba mata ido.

Kowace mota tana da lambar shasi, haruffa da lambobi guda 17. Za ka gan ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kuma jikin ƙarfen ƙofa. Ka karanta ta ɗaya bayan ɗaya, ka gwada da wadda ke cikin takardu. Ko harafi ɗaya ya saɓa, ka janye jikinka, domin motar sata ba ta da alama a goshi. In ciniki ya faɗa, a rubuta yarjejeniya da shaidu, kowa ya sa hannu. Ka kuma ware kuɗin canjin suna da na inshora. Ƙaramar inshorar motar gida ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023.

Wace mota za a nema?

Kada ka yi wa dillali wannan tambaya. Duk wadda ke hannunsa ita ce mai kyau. Je ka gareji ka tambayi kanikawa motar da suka fi sani, ka bi ta wajen masu kayan gyara ka ga wadda kayanta suka cika shaguna. Abin da ya sa Peugeot ta daɗe tana mulki a Arewa ke nan: tun 1975 ake haɗa ta a Kaduna, kowane bakanike a kanta ya koyi aiki. Yanzu Toyota da Honda sun cika gari, Golf kuma tana nan a tasha ba ta gaji ba. Motar da sai an aika Legas neman kayanta ba ta mai koyo ba ce, komai kyanta.

Mai fulogi huɗu ta ishe ka. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, mai fulogi shida ta zama ta masu hali.

Aikin baƙin mai

A cikin inji akwai fistin da ke hawa da sauka sau dubbai a minti guda. Ƙarfe ne yake gogar ƙarfe. Baƙin mai shi ke shiga tsakaninsu, ya hana su cin juna, ya rage zafi, ya kwashe datti. Idan ya ƙare inji zai buga, gyaransa kuma yana iya cinye abin da ya rage maka bayan saye.

Mai yana raguwa ta hanya biyu, kuma dole ka bambanta su. Ta farko ita ce yoyo. Wannan a fili yake: za ka ga ɗigo a inda motar ta kwana, ko ƙasan inji ya jiƙe ƙura ta manne. Sau da yawa gasket ne ko sil, wato abin da ke toshe mahaɗar sassan inji, ya gaji, a sauya shi a huta. Ta biyu ita ce sha, kuma ita ce mai ɓoyewa. Kowane fistin yana da ringi uku a jikinsa. Na ƙasan aikinsa shi ne share mai daga bangon silinda, wato ramin da fistin ke hawa da sauka a ciki, ya mayar da shi ƙasa. In ya cinye, ko datti ya daskare ya riƙe shi, sai man ya haye inda fetur ke ci, ya ƙone tare da shi, ya fice ta salansa. Ƙasa tsaf, ba ɗigo, amma mai yana tafiya. Haka kuma idan 'yan robobin kan bawul, wato ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi a saman silinda, suka bushe, mai yakan zurara cikin silinda yayin da motar take ajiye.

Kowane inji yana ɗan taɓa mai, wannan ba abin tada hankali ba ne. Abin tambaya shi ne nawa yake sha, a tafiyar kilomita nawa. Ga misalin da duniya ta sani. Camry ta 2007 zuwa 2009 mai inji 2.4, wadda ake kira Muscle a nan Najeriya, ta yi suna wajen shan mai saboda yadda aka ƙera fistin da ringinta. Da ƙorafi ya yi yawa a Amurka, kamfanin Toyota da kansa ya fitar da sanarwa ga garejojinsa a 2011. Ma'aunin da ya sa shi ne, injin da ya sha kusan lita 1 a mil 1,200, wato kimanin kilomita 1,900, yana bukatar gyara. Daga 2010 aka sauya wa Camry ta Amurka inji zuwa 2.5. Corolla ta 1998 zuwa 2002 ma an san ta da wannan hali. Ba cewa muke kowace ɗaya a cikinsu tana sha ba, akwai masu lafiya da yawa a kan titi. Amma wanda ya san wannan labari zai tsananta bincike, kuma zai samu bakin neman ragi.

Ranar dubawa

Dillali zai ce maka, "Alhaji, motar nan jiya na dawo da ita daga Jos, ko ɗigon mai ba ta taɓa ba."

Kada ka yi musu da shi. Ka ce, "To madalla, Malam. Gobe da sassafe kada kowa ya tayar da ita, zan zo da bakanikena."

Wannan magana tana da dalili. Inji mai zafi yana rufa wa kansa asiri, mai sanyi kuwa ba ya iyawa. Da ka isa, ɗora hannu a kan bonet. In ka ji ɗumi, an riga ka. Bakaniken kuma ya zama naka, kai ka ɗauko shi, kai za ka biya shi. Wanda dillali ya kawo maka yana iya kasancewa da tasa la'adar a ciki.

Kafin a murɗa makulli, zaro gejin mai, wato siririn ƙarfen nan mai marfi rawaya. Goge shi da tsumma, mayar da shi har ƙarshe, sake zarowa. A bakinsa akwai alama biyu, ta ƙasa da ta sama. Wani an rubuta L da F, wani ɗigo biyu ne kawai. A yawancin ƙananan motoci, tsakanin alamun nan kusan lita 1 ne. Riƙe wannan, za mu yi lissafi da shi. Ɗebi man a yatsa ka murza. In ka ji tsakuwa-tsakuwa ko ka ga ƙyalƙyalin ƙarfe, inji yana cin kansa. In man yana jan zare, ya ƙi ɗiga, wataƙila an zuba masa maganin kauri don a danne hayaƙi. Buɗe marfin da ake zuba mai ka leƙa bayansa. In ka ga wani abu mai launin shayi da madara, ruwa ya haɗu da mai. Injin da aka wanke fes yana sheƙi shi ma abin tambaya ne, domin wanki yana share shaidar yoyo. Tun da salansa tana da sanyi, zura yatsa a bakinta. Busasshen baƙi ba komai. Mai maiƙo shi ne matsala.

Yanzu koma bayan motar ka tsaya, wani ya tayar. Idonka a kan hayaƙi. Mai shuɗi-shuɗi da ƙaurin ƙonannen mai yana nufin inji na sha. In ya fito a tashin farko ya ɗauke, an fi zargin robobin bawul, gyaransu da sauƙi-sauƙi. In sai an taka totur yake turnuƙewa, ringi ne, sai an sauke inji. Baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa, wata matsala ce daban. Fari mai kauri da ba ya yankewa ruwa ne ke shiga silinda. Amma da safiyar hunturu a Bauchi kowace mota takan fitar da ɗan tururi, minti kaɗan ya wuce. Kada ka yi wa mai mota ƙazafi a kan wannan.

Ka ce bakanike ya kwance fulogai ya jera maka su a kan tsumma. Wanda ya fito jiƙe da mai ya nuna silindar da ke sha. Idan yana da na'urar awon matsin silinda, ya auna duka huɗun, kai kuma ka rubuta lambobin. Ya kamata su zo kusa da juna. Ɗaya ta faɗi ƙasa sosai, akwai magana.

Zagaye ɗaya a Wunti, cikin garin Bauchi, ba gwaji ba ne. A hau hanyar Gombe a je ko da Kangere ne a dawo, inji ya yi zafi sosai. In an samu gangara a ɗaga ƙafa daga totur, a ƙarshenta a taka, wani yana duba baya. A nan injin da ke sha yake tona kansa. Allurar zafi kuma ta tsaya a tsakiya. Wani abin takaici, kanikawa da yawa suna cire tamostat, wato ɗan abin da ke daidaita zafin inji, su ce ƙasarmu da zafi. Injin da aka yi wa haka yakan daɗe bai kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki da shi ba, ya ƙara shan fetur, mansa ya yi saurin lalacewa. Ka tambaya ko tamostat ɗin yana nan.

Lambar tafiya da ke gaban direba, kada ka rantse da ita, ana iya mayar da ita baya. Dubi robar birki da sitiyari da kujerar direba, ba sa ƙarya. Motar Amurka kuma da mil take ƙirga. Mil 100,000 ya kai kilomita 160,000.

Bayan an saya

Ranar farko a juye mai a sauya filta, ko da an rantse maka jiya aka yi sabis. A kan marfin mai ko a littafin motar za ka ga irin wanda ya dace, kamar 5W-30. Shi za ka saya, a rufaffen galan, ba na awo a kwalba a bakin titi ba. Za a ce maka ka zuba 20W-50 saboda zafin Maris da Afrilu. Mai kauri yana rage hayaƙin tsohon inji, gaskiya ne, amma ba ya gyara ringi. Kada kuma a wuce alamar sama, yawan mai shi ma yana ɓata sil. Da hunturu a riƙa duba filtar iska, domin ƙurar da ta kutsa ciki ita ke cinye ringi.

Jar fitilar nan mai hoton 'yar butar mai ba tana cewa ka ƙara mai in ka isa gida ba ne. Cewa take mai ya daina zagayawa da ƙarfi. Sauka gefe ka kashe motar nan take, ko a tsakiyar daji ne.

Sayi ƙaramin littafi ka ajiye a motar. Duk mako, da safe, motar tana tsaye a wuri mai daidai, ka duba geji. Rubuta kwanan wata, lambar tafiya, da inda mai ya tsaya. Cikin wata guda za ka san halin injinka fiye da wanda ya sayar maka.

Aikin aji

Wani direba ya cika mai zuwa alamar sama lokacin da lambar tafiya take kilomita 152,300. Da ta kai 153,500 sai ya ga mai ya sauka alamar ƙasa. Kilomita nawa ya yi? Lita nawa injin ya sha? Ku gwada amsarku da ma'aunin kilomita 1,900 da muka karanta, ku faɗi ko wannan inji yana bukatar gyara. Idan zuwa Gombe da dawowa kimanin kilomita 300 ne, sawu nawa zai yi kafin ya sake sayen lita guda? Ku tambayi farashin lita a kasuwa, ku lissafa abin da zai kashe in yana yin sawu 20 a wata.

Kafin zama na gaba, kowa ya nemi izinin wani mai mota a unguwarsu ya kwafo lambar shasi a littafinsa, ya ƙirga ya tabbatar 17 ce. Ba a sa haruffan I da O da Q a wannan lamba. In kun ga mai kama da O, sifili ne, haka za ku rubuta shi.